Kadan Abijan da Yaranmu Masu Fatsar Dare

Idan an ambaci Abijan a Kano ko Maraɗi, abin da ke zo wa mutum a rai shi ne dogayen benayen Plateau, da gadoji, da cunkoson kasuwar Adjamé inda ake sayar da komai daga allura zuwa injin mota. Kaɗan ne suka san cewa birnin nan a bakin gidan kada aka kafa shi. Tafkin Ébrié, wanda ya raba Treichville da Plateau, tsawonsa ya haura kilomita 100, kuma tun kafin a haƙa mashigin Vridi a 1950 a haɗa shi da teku, kadoji ke kwance a cikinsa. Birni ya cinye musu gaɓa, ya sare itatuwan da suke fakewa, amma ba su tashi ba. Har yau ana ganinsu a lungun ruwan Cocody, ƙasa da mahaɗar Indénié, inda magudanan Adjamé ke zubar da duk abin da suka kwaso. Abin ya kai an horar da 'yan kwana-kwana yadda za su kama su da rai.

Aikina magatakarda ne a zauren dattijon da ke riƙe da al'amuran jama'armu a wannan yanki. Ni ke rubuta sunan baƙo idan ya sauka, ni kuma ke rubuta wa iyayensa idan wani abu ya same shi. Wannan kashi na biyu shi ya sa na ɗauki alƙalami a kan dabbar da ba ta cikin karatun da na yi.

A daminar da ta wuce aka kawo mana wani yaro mai tura kura a kasuwa, ɗan wani ƙauye a arewacin Maraɗi, ƙafarsa ta hagu naɗe da tsumma. Shi da abokansa uku sun ɗauki al'adar zuwa bakin ruwa bayan sallar isha'i su jefa fatsa, don su rage kuɗin cefane su ƙara abin aikawa gida. Wuri guda suke zama kullum. Nan suke feɗe tarwaɗa da karfasar da suka kama, su watsa kayan cikin a ruwa. Daren da abin ya faru, igiyarsa ta maƙale, ya shiga har gwiwa don ya ciro ta. Ya ce shi dai gungumen itace ya gani. Allah ya yi da sauran kwana, abokan suka riƙe shi ta hannu suna ihu har abin ya saki. Ƙafar ta tsira, amma ba zai ƙara tura kura ba, kuma mutum takwas ke ci daga wannan kurar a gida.

Da Baba ya tambaye shi ko ba a taɓa gaya masa akwai kada a ruwan ba, sai ya ce: "Ranka ya daɗe, na ɗauka kada a daji yake. Kuma ina da laya."

Zaure ya yi tsit. Ban ga laifinsa ba a kashin farko na maganar. Yaron da ya tashi inda ruwa sai na rijiya da tabkin da ke ƙafewa kafin kaka ta ƙare, ina zai san halin babban ruwa? Hausawa ba baƙin kada ba ne. Sunan Kaduna ma daga gare shi ya samo asali. Sai dai sanin kada bai taɓa zama na kowa da kowa ba. Na Sarkawa ne, masuntan Kabi da Yawuri, kuma yana da mai riƙe da shi. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo siffarsa ta yanzu tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, babu mai tsoma ƙafa a kogin Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Da muka yi hijira mun taho da liman, da sarkin fawa, da wanzami, da mai unguwa. Sarkin Ruwa muka baro a gida, muka zo muka zauna a birnin da rabinsa ruwa ne.

Baba ya aika aka kira wani tsohon Basarke da ke sayar da banda a Treichville. Abin da ya faɗa a ranar na rubuta shi a littafin zaure, kuma babu tsafi ko ɗaya a ciki. Ya ce kada mai haƙuri ne, yana karantar mutum kamar yadda mafarauci ke karantar hanyar barewa: wanda ya zo wuri ɗaya a lokaci ɗaya kwana uku a jere, ya ba shi adireshinsa. Ya ce wanda ke zubar da kayan cikin kifi a bakin ruwa kiwon kada yake yi bai sani ba. Ya ce mai fatsa ya bar taku uku tsakaninsa da ruwa, igiya kuma idan ta maƙale a yanke ta, domin ƙugiya ba ta kai ƙafa tsada ba. Da dare a haska tocila a fuskar ruwa kafin a zauna; idan an ga jajayen garwashi biyu kusa da juna, a canza wuri. Wanda ya ji kukan 'ya'yan kada a ciyawa kuwa ya gudu, don uwar tana nan kusa. Da aka zo kan laya, sai ya dubi yaron ya ce: "Ɗana, ubana yana da ita, amma ban taɓa ganin ya juya wa ruwa baya ba."

Na yi mamaki da na tarar cewa a Amurka, a fadamun Florida da Luwiziyana inda dangin kada masu faffaɗan baki suka haura miliyan a kowace jiha, gargaɗin da hukuma ke yi wa masunta kusan shi ne na tsohon nan. A Florida ciyar da su laifi ne a doka, saboda dabbar da ta saba samun abinci daga hannun mutum tana daina tsoronsa. Mu nan ba mu buƙatar zuwa nesa neman shaida. A Yamoussoukro, a tafkin fadar marigayi Houphouët-Boigny, dattijon da ya shafe shekaru masu yawa yana ciyar da kadojin wurin, yana kiransu da sunayensu a gaban masu yawon buɗe ido, su ne suka ja shi cikin ruwa a 2012.

Wasu matasa a zauren sun ce a haɗa kuɗi a nemo mai bindiga. Wani ma ya tambaye ni ko naman ya halatta. Na ce malamanmu na Malikiyya sun sassauta a kan dabbobin ruwa, amma ƙasar nan ta rufe farauta tun 1974, kuma baƙon da ya harba bindiga a tsakiyar Abijan ba shi kaɗai zai kwana a caji ofis ba. Banda haka, ba duk kada ne mai kama mutum ba. Akwai mai siririn baki, mai cin kifi, wanda ya kusa ƙarewa a duniya har ake kiwonsa a gidan namun dajin da ke kan hanyar Abobo. Mai bindigar haya ba zai tsaya duba baki ba.

Shawarar da aka tsayar ita ce a ƙara maganar ruwa cikin abin da nake karanta wa kowane sabon zuwa, bayan maganar takardun zama da ta 'yan damfara, a kuma aika da ita ga masu wanki a rafin Banco, tun da akwai namu a cikinsu. An yi wa yaron karo-karo aka saya masa tebur ɗin sayar da goro. Tsohon Basarken kuwa ya haura tamanin, ya kuma shaida wa Baba cewa yana so ya koma Yawuri kafin azumi. Na nemi matasa biyu su riƙa zuwa wurinsa ranar Lahadi su zauna su saurara. Zuwa yanzu ɗaya ne ya je, sau ɗaya.