Waƙar da muke sakawa kullum, wa ke cin kuɗinta?

 Kun saba jin muryarmu da safe. Yau rubutu muka zo da shi, don maganar ta fi ƙarfin ɗan lokacin da ke tsakanin sanarwar biki da labarai.

Makon jiya aka kawo mana wata sanarwa a sitidiyo. Wani dattijo ne na unguwarmu, wanda ya kaɗa gita a wata orkes tun muna goye, yana kwance ba lafiya, an rubuta masa ordonas, kuɗin sayen maganin sun gagara. Muka karanta sanarwar, yaron da ke kan na'ura ya bi ta da tsohuwar waƙarsu. Nan take waya ta fara ƙara. Wannan ya aiko da jika ɗaya, wancan jika biyu, wata hajiya ta aiko da jika goma ta ce da waƙar aka kai ta ɗaki. Bayan magariba muka kai masa abin da aka tara. Ya yi godiya, ya sa albarka, sannan ya ce: "Ɗana, tun da ka fara aikin nan, sau nawa kunka sa waƙar ga?" Muka yi shiru. Ya ce: "Da ko dala guda kuke aje mani duk sawa ɗaya, da ba a kai ga faɗin sunana a radiyo don magani ba."

Wallahi mun fito gidan nan ƙafafunmu sun yi nauyi. Ba mu da amsa, domin babu wanda ya taɓa rubutawa. Shekara da shekaru muna cika shirinmu da waƙarsa, ƴan kasuwa suna biyan kuɗin talla don jama'a na saurare, mu kuma muna karɓar albashi. Shi kaɗai ne bai ga komi ba. Abin da muka kai masa ranar nan mun kira shi taimako, alhali bashi ne muka rage.

Ba don babu doka ba ne. Nijar na da ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, tun 1995, kuma akwai dokar haƙƙin mallakar fasaha ta watan Disamba 2010. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Duk mai amfani da waƙar wani a bainar jama'a, radiyo ne, tele ce, otel ne ko mai sono na gidan biki, zai biya wani kaso. Ofishin ya tattara, ya raba wa masu waƙoƙin gwargwadon yadda aka yi amfani da aikin kowa. To amma rabon yana buƙatar takarda: wace waƙa aka sa, ta wa ce, sau nawa. In mu da ke bakin makirfo ba mu cika takardar ba, da me za a yi lissafi? Kuma bari mu faɗi wadda ta fi ɗaci. Sau da yawa kuɗin ma baya-baya suke tafiya. Yaro ya sayar da wayarsa ya biya sitidiyo, ya zo mana da kile ɗinsa, sai ya haɗa da "kuɗin esans" kafin a sa masa waƙa. Mun karɓa. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Mun gaji wata al'ada da ke kallon mawaƙi a matsayin maroƙi. Ya yi waƙa, a yi masa liƙi, ya gode. Kyauta abu ne mai kyau, ba mu ce a daina ba. Amma kyauta tana bin ƙuruciya da farin jini. Ran da murya ta dushe, ita ma ta ɗauke. Haƙƙi shi ne wanda ke biyo mutum har kan gadon jinya, har ya kai ga magadansa.

Da muna lise, mushenmu na labarin ƙasa ya sa mun haddace cewa Nijar ƙasa ce da ba ta da teku. Mun rubuta a jarabawa, mun ci maki, mun wuce. Sai da muka shiga wannan aiki muka gane abin da hakan ke nufi ga mai fasaha. Gita, makirfo, kamara, har igiyar da ake jona su, duk sai sun sauka a wata tashar jirgin ruwa mai nisan kilomita kusan dubu ko fiye, sun hau mota, sun biya duwan, kafin su iso Yamai da tsada. Masu iya sayen tikiti ba su da yawa. In ka tsaya bakin kogi a nan Gudel da yamma, kusa da gadar Seyni Kountché da aka buɗe a 2021, kana kallon gungun da ruwa ya kewaye, sai ka ga kamar mu ne: tsibiri, amma na rairayi. Shi ya sa muka ce bari mu duba yadda mutanen tsibirin gaske suka yi da tasu fasahar.

Ku ɗauki Cabo Verde, wadda a lakkwal muka sani da Cap-Vert. Tsibirai goma ne cikin teku, yamma da Senegal, mutanensu wajen rabin miliyan, wato ba su kai jama'ar Yamai ba. Ba su da uraniyom, ba su da fetur, kuma fari ya sha kashe musu mutane kamar yadda ya yi mana. Cesária Évora ta daɗe tana waƙa a ƙananan mashayu na garin Mindelo don ƴan kuɗi kaɗan. Sai tana da shekara 47, a 1988, aka fitar mata da faifai a Faransa, kuma a 2004 ta ci kyautar Grammy. Ka ga ke nan su ma ta waje tauraruwarsu ta fito, ba gwamnati ce ta yi ta ba. Inda suka bambanta da mu shi ne abin da suka gina a bayanta. A 2011, shekarar da ta rasu, suka naɗa mawaƙi, Mário Lúcio, ministan al'adu. A 2013 suka buɗe Atlantic Music Expo a Praia, kasuwar da masu shirya bukukuwan kiɗa na duniya ke zuwa su ga mawaƙa da idonsu, su sa hannu a kwangila. A wannan shekarar mawaƙansu suka kafa ƙungiyar SCM don karɓo haƙƙinsu. Tun 2016 ma'aikatarsu ta al'adu ta ƙara masana'antun fasaha a cikin sunanta. A 2019 UNESCO ta sa kiɗansu na morna cikin gadon al'adun duniya. Filin jirgin saman tsibirin São Vicente sunan Cesária yake ɗauke da shi, hotonta kuma yana kan takardar kuɗinsu ta 2000. Ba mu ce kowane makaɗi a can ya yi arziki ba. Amma baƙon da ya sauka ƙasar ya san kiɗa na cikin abin da ya zo saye.

Mu fa ba daga baya muka fara ba. Oumarou Ganda ne ya ɗauki babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu, a 1972, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. Moustapha Alassane yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka tun shekarun 1960. Yau sunayensu na kan cibiyoyin al'adu biyu a Yamai, amma gidajen siniman da iyayenmu ke ba mu labari sun rufe ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kalli Al'lèèssi, fim ɗin Rahmatou Keïta a kan Zalika Souley, ya ga irin rayuwar da babbar tauraruwarmu ta yi bayan an kashe fitilu. Alphadi ya kai FIMA cikin hamada kusa da Agadas a 1998, duniya ta zo ta gani. Bombino ya shiga jerin ƴan takarar Grammy da faifansa Deran. Mdou Moctar da Tal National suna kaɗawa a Turai da Amurka, kamfanonin waje ne ke fitar musu da faifai. Fati Nijar kuwa Kano ta tafi ta yi suna, domin can ne kasuwar take.

Labarin Mdou Moctar ma ya isa darasi. Waƙarsa ta yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memwar, har wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya ji ta, ya sa ta cikin wani faifai, ya bi sawun mai ita don ya biya shi. Mutum ya taso daga wata nahiya yana neman mai waƙa ya ba shi haƙƙinsa. Mu namu yana bayan gidanmu, muna gaisawa kullum a masallaci.

Wani zai ce mana: ƙasa na fama da tsaro, da tsadar abinci, da ambaliya, ku kuna zancen gita? Gaskiya ne, kuma mu ma cikin wannan hali muke kwana. Amma kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma ba duka ne za su shiga aikin gwamnati ko soja ba. Ku lissafa wanda ke ci daga kilip guda: mai kamara, mai haɗa hoto, tela, mai kwalliya, mai kabu-kabu, matar da ta dafa wa ƴan aiki dambu. Wannan sana'a ce, kamar noman albasa.

Kuma mun riga mun ga abin da tsari ke yi, a gidanmu. Kokowa a da wasan bayan girbi ce a dandalin ƙauye. A 1975 aka fara gasar ƙasa a Tawa. Aka ba ta lokaci a shekara, aka riƙa zagayawa da ita jiha-jiha, aka gina filaye, aka sa takobi da kuɗi, radiyo da tele suka ɗauka kai tsaye. Yau in ana kokowa, gari tsayawa yake, kamfanoni na rububin sa tallarsu, makaɗa da masu abinci da masu masauki duk suna samu. Lokaci tsayayye, wuri, lada da kafar watsawa, su ke nan. Gasar Dan Gourmou ta mawaƙa ta fito da mutane da yawa, amma ba ta samu irin wannan tsayuwar ba.

Don haka abin da muke roƙon hukuma ba rabon kuɗi ba ne. A tsaya a kan biyan haƙƙi, a fara da mu gidajen radiyo da tele, kuma a riƙa bayyana abin da aka tara da yadda aka raba. A sassauta duwan a kan kayan kiɗa da na ɗaukar hoto, kamar yadda ake yi wa kayan aikin wasu sana'o'i. A tsayar da ranakun bukukuwan fasaha yadda mai shiri zai san watan da zai nemi mai tallafi, a kuma gyara gidajen samari na unguwanni su zama wurin wasa mai tikiti. Cibiyar CFPM Taya, wadda ke nan tun 1989, da hukumar APEIC, a ba su ƙarfin horar da waɗanda ba a gani a dandali: mai kula da sauti, manajan mawaƙi, da wanda ya iya karanta kwangila kafin yaro ya sa hannu.

Namu kason kuwa ba ya jiran minista. Mun sayi kaye, tun ranar Litinin muke rubuta kowace waƙa da muka sa, da sunan mai ita. Mun daina karɓar kuɗin esans. Wanda waƙarsa ta yi kyau za ta shiga, wanda tasa ba ta nuna ba mu gaya masa gaskiya. In mun sa waƙa za mu faɗi wanda ya tsara ta da waɗanda suka kaɗa, ba mai murya kaɗai ba. Mun kai maganar gaban shugabanninmu a wurin aiki, kuma za mu ci gaba da kai ta. Ku kuma masu sauraro, in an yi wasa ku sayi tikiti, ku bar neman katin gayyata. In za ku kira mawaƙi biki, ku yanka masa kuɗinsa tun kafin ranar, liƙi ya zo a kan ƙari.

Dattijon ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, jiya har ya fito ƙofar gida ya sha shayi da ƴan fada. Mun nuna masa kayen. Sunansa ya fito sau uku a shafin farko. Ya duba, ya yi dariya, ya ce: "To, dala ukku ke nan, ina jira."

Ku rubuto mana a ƙasa, musamman ku mawaƙa da masu sono da abokan aikinmu na sauran tashoshi. Za mu karanta a shirin Asabar. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya bar zumunci.