Auren Baƙi A Tsibirin Kanumfari

Da kanumfari aka san Zanzibar, wadda ta haɗe da Tanganyika a 1964 aka sami Tanzaniya. Yanzu kuwa har aure ke kawo mata baƙi.

A gaɓar tekun Nungwi na ga an ɗaura wa wasu Turawa aure bisa farin rairayi. Ma'aikatan otal ne shaidu, ba uwa ba uba. Da maraice na koma tsohon birni, na tarar da bikin 'yan gari, mata sun sha lalle, ana kiɗan tarab, lungu ya cika maƙil.

Wani dattijo ya ce mini, "Baƙin nan suna kawo kuɗi. Amma ran da suka ɓata, wa zai shirya su?"