Wayoyi Biyu Da Suka Kusa Jawo Mana Asara

A hutun da ya wuce, mu uku 'yan aji biyar muka je koyon aiki a garejin unguwarmu. Mun tarar ana gyaran injin wata tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Mai ita dattijo ne ɗan fansho, da ita yake kai matarsa asibiti, kuma sai da ya sayar da ragonsa kafin ya sayi sabon ringi da gasket.

Oga ya ɗaura injin, ya bar mana jona wayoyin filogi. Ranar tayarwa sai mota ta kama karkarwa, salansa na harbi kamar bindiga. Cikinmu ya ɗuri ruwa, muka ce a sake kwance injin.

Oga ya ce, "Yara, ba a fara magani da tiyata. Inji abu uku yake nema: mai, wuta da matsi. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya."

Muka duba, mai yana isa kafireta, wuta tana zuwa kowane filogi. Sai ya sa muka bi wayoyin da yatsa. Silinda huɗun nan a jeren 1-3-4-2 suke kama wuta, mu kuwa mun musanya wayar 3 da ta 4. Muna gyarawa, ƙarar ta daidaita. Muka bar injin ya yi zafi, muna lura da fitilar baƙin mai da ruwan lagireto, muna leƙa ƙasa ko akwai yoyo.

Da an biye mana, da dattijon nan ya sake sayen gasket. Yanzu ko lissafi ne ya ƙi fita a aji, layi-layi muke bi kafin mu yage takarda.