Masu Rubutun Mota a Tudun Goodwood

Gidan Goodwood yana kudancin Ingila, kusa da garin Chichester, kuma mallakar wani basarake ne, Duke na Richmond. Tun 1993 yake buɗe ƙofar gidansa sau ɗaya a shekara, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, domin bikin motoci. Hanyar da ta ratsa gaban gidan ta haura tudu ita ce filin tseren. Tsawonta bai kai kilomita biyu ba, an jera dammunan ciyawa hagu da dama saboda tsautsayi. Motar da ta haura shekara ɗari sai ta hau tana tari, ta bayanta kuwa wadda ko kasuwa ba ta shiga ba tukuna.

Jama'a motoci suke kallo. Ni kuwa hankalina ya tafi ga masu katin 'yan jarida a wuya, waɗanda abincinsu ke nan: su tuƙa mota, su rubuta yadda suka same ta. A Ingila tsohuwar sana'a ce. Mujallar Autocar tun 1895 take fitowa, Motor Sport tun 1924, kuma marubutan suna da ƙungiyarsu tun 1944. Jeremy Clarkson da ya yi suna a shirin Top Gear ma a ƙaramar jaridar garin Rotherham ya soma.

Na lura sun kasu biyu, ko a tafiyarsu. Masu rubutun sababbin motoci kullum a guje suke. Kamfani zai nuna musu mota, ya gindaya musu ranar da za a saki labari, ranar na cika kowa ya saki nasa a minti ɗaya, ga rubutu, ga hoto, ga bidiyo, sau da yawa duk daga hannun mutum guda. A 2022 wata 'yar ƙaramar motar lantarki, McMurtry Spéirling, mai fankoki da ke tsotse iska a ƙarƙashinta su manna ta da ƙasa, ta haye tudun nan cikin daƙiƙa 39.08. Wanda ya saba da zancen fistin da giya, yanzu dole ya koyi zancen batir da manhaja, ko a bar shi a tasha.

Masu rubutun tsofaffin motoci kuwa ba sa sauri. Za ka ga mutum ya durƙusa da tocila yana neman lambar da aka buga a jikin ƙarfe, yana tambayar makaniki ko injin nan shi ne na asali. Aikinsu ya fi kusa da na masanin tarihi, kuma akwai kuɗi a ciki masu ban tsoro: a 2022 aka sayar da wata Mercedes 300 SLR ta 1955 kan Yuro miliyan 135. A kasuwa irin wannan, marubuci ya ce mota kaza ce ta ci tsere kaza alhali ba ita ba ce, ya jawo wa wani asara, ya kuma zubar da sunansa.

Gwarzonsu shi ne Denis Jenkinson na Motor Sport. A 1955 ya zauna kusa da direba Stirling Moss a tseren Mille Miglia na Italiya, mil dubu daga Brescia zuwa Rum a dawo, a kan titunan da jama'a ke bi. Tun kafin ranar sun bi hanyar, ya rubuta kwanoni da gangara da wuraren haɗari a doguwar takarda da ya naɗe cikin akwati. Ranar tseren yana murza ta yana yi wa direba ishara da hannu, don ƙarar inji ba ta barin a ji magana. Suka ci cikin awa goma da minti bakwai da 'yan daƙiƙu, sannan ya zauna ya rubuta labarin. Har yau ana karanta shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, motar da ɗan jarida zai yi wa hukunci, kamfanin ne ya ba shi aro. Sau da yawa kamfanin ne ya biya jirgi da masauki zuwa wurin ƙaddamarwa, kuma tallarsa na cikin mujallar. Baki in ya ci, ido kan ji kunya. Wanda ya iya cin abincin mai mota da daddare, da safe ya rubuta cewa burkinta ba ya kamawa yadda ya kamata, shi nake kira ɗan jarida. Sauran 'yan talla ne da ba a rubuta musu takardar ɗaukar aiki ba.

In sun yi gaskiya kuwa, hukuncinsu kan yi nisa. 'Yan jaridar mota ne ke zaɓen gwarzuwar motar shekara ta Turai, kuma a 1969 Fijo 504 suka ba. Ita ce dai aka zo ana haɗawa a Kaduna, ta yi shekaru tana jigila tsakanin Kano da Legas. A Turai yanzu tana sahun motocin tarihi, ana goge ta ana rubuta mata shafuka, mu kuwa yawancin namu mun sayar wa 'yan gwangwan.