Kwamfutar da Kuɗin Citta Ya Saya



Bara da ƙanwata za ta rubuta JAMB, ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ga shi kuwa tun 2015 a kan kwamfuta ake jarrabawar. Baba ya sayar da citta, ya ƙirga kuɗin ya danƙa mini, ya ce, "Kai ne mai ilimin, ka nemo mata wadda za ta koya." Na shiga Kaduna na sayo ta gwanjo, irin ta tebur. A shago ta tashi lafiya lau.

Da na iso gida, bayan doguwar tafiya a bayan mota mai gargada, dukan gida suka taru. Na danna. Fanka ta juya, na'urar ta yi ƙara ɗit, ɗit, ɗit, allo kuwa baƙi ƙirin. Baba bai ce komai ba, ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Daren nan ban yi barci ba, ina ta shirya maganganun da zan gaya wa mai shagon.

Kashegari bayan sujada na tare wani dattijo a majami'armu, tsohon mai gyaran rediyo. Ya biyo ni gida. Kafin ya taɓa komai sai ya leƙa bayan akwatin, ya nuna mini wani ɗan jan makunni kusa da inda wayar wuta ke shiga. Ya ce tsofaffin da suka fito daga Amurka sukan zo a kan 115, wutarmu kuwa 230 ce, kuma wanda ya jona bai duba ba zai ji ƙauri. Tamu tana daidai.

Ya ce, "Ɗana, wannan ƙarar ba kukan mutuwa ba ne. Magana take yi maka, sau da yawa kuma a kan ram ne."

Muka zare waya daga bango, ya sa na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita, sannan muka buɗe. Ƙura ta yi kauri a jikin fanka, muka share da busasshen burushi. Ya sa na taɓa ƙarfen akwatin kafin in taɓa kayan ciki. Ashe girgizar hanya ta ɗaga ram ɗin daga mazauninsa. Na cire shi, na goge bakinsa mai ruwan zinariya da abin goge fensir, na mayar har maƙallan biyu suka ce ƙyas.

Ƙarar ta daina, amma allo bai nuna komai ba. Na ce, "Baba, ai shi ke nan." Ya yi dariya, ya nuna mini shuɗiyar wayar allo da ban ɗaure kusoshinta ba. Ina ɗaurewa rubutu ya fito, yana neman in danna F1, kwanan watan kuma ya koma shekaru baya. Ya ce batirin agogo ne ya mutu, wani ɗan fari kamar kwabo, CR2032, mai bolt 3. In ba a canza shi ba, kullum sai ta manta kwanan wata, wasu shafukan intanet ma su ƙi buɗewa. Wajen mai gyaran agogo na samo sabo, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda dattijon ke aiki. Abu ɗaya yake canzawa, ya gwada, sannan ya matsa gaba, kuma daga mai sauƙi yake farawa. Ni kuwa tun ban buɗe akwatin ba na riga na yanke wa mutum hukunci cewa ya cuce ni. Na ji kunyar hakan fiye da kunyar baƙin allo.

Da yamma Baba ya dawo daga gona ya tarar da ƙanwata tana neman haruffan sunanta da yatsa ɗaya. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa, sannan ya ce a kai wa dattijon doya.

In taku ta ƙi tashi, kada ku yi saurin fushi. Ku zare waya tukuna, ku bi ta a hankali. Allah ya ƙara mana haƙuri. Amin.