Lakwal da Kaka: Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa



A nan Nijar ana buɗe lakwal a watan Oktoba. A watan ne kuma ake yankan hatsi, ana tsinkar wake, ana cirar gujiya. Mushe yana son yaro, gona ma tana son shi. Na bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji, na ratsa Maraɗi da Cadawa da Agiye har Gazawa, don in ga yadda ake rabon nan.

A wani ƙauye na ƙasar Gidan Rumji na fara tsayawa. Da hantsi aka buga ƙarfen ƙafar mota da ke rataye ga icce, aka ɗaga tuta. Layin yara gajere ne. Mushe ya buɗe littafin sunaye yana kira, sai wani ya amsa: "Tana gonar wake." Wani kuma: "Ya kai dammai rumbu." Ɗiyan makiyaya ba su iso ba tukuna, suna arewa da shanu, sai an kwashe amfani su gangaro. Mushe bai yi faɗa ba, shi ma ɗan manomi ne. Amma ya ce mini karatu ba ya jira. Yaron da ya zo bayan sati huɗu, ya tarar an wuce baƙaƙen farko, da wuya ya kamo ƴan'uwansa.

Akwai wata matsala da ta fi wannan. Ɗakunan siminti ba su isa ba. Aji shida ne a lakwal, sauran sai rumfar kara, kara kuwa ba ya samuwa sai an gama girbi. Kafin nan ƙanana suna zaune a ƙasa gindin icce. A ƙasar Agiye sun ɗan yi sa'a, domin manoma sun rungumi sassaben zamani, sun bar itatuwa cikin gonaki, kamar yadda aka san Ɗan Saga da shi. Gawo kuwa kun san halinsa: da damina ya zubar da ganye, da kaka ya tofo. Sai ka ce don ƴan lakwal yake yi.

Rumfar kara tana da haɗari, kada mu manta. A watan Afrilu na 2021 gobara ta kashe yara 20 a wata lakwal a Yamai. Ranar 8 ga Nuwamba ta 2021 aka sake yi a cikin garin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Allah ya jiƙansu. In za ku kafa rumfa, ku bar fili tsakaninta da ta kusa, ku yi mata ƙofa biyu, mai tuyar ƙosai kuma ta kai wutarta nesa.

A wajen Cadawa na shiga ajin farko. Kowane yaro da ɗan allonsa da alli. Mushe ya faɗi baƙi, su rubuta, ya buga tebur, su ɗaga allo sama gaba ɗaya. Da tsinken kara suke lissafi, goma-goma a ɗaure. Ƙasar aya ce, aljihun kowa da ita. Na ga wani yana ƙirga da aya, kafin a kai ga amsa ya cinye biyu.

Yawancin karatun da Faransanci ne, yaro kuwa bai taɓa jin shi a gida ba. Akwai makarantun da ke farawa da Hausa. A Damagaram aka soma gwada wannan a 1973. Ni dai a ganina ya fi. Kuma ko da Faransancin ne, lambobi da yawancin baƙaƙen su ne waɗanda muke koyo a yaƙi da jahilci. Uban da ya iya su yana iya buɗa kayen ɗansa da dare ya ga ko an yi rubutu yau.

Na isa ƙasar Gazawa da la'asar, na tarar da kwamitin iyaye a zaune gaban wata lakwal. Shawararsu ita ce kowane gida ya kawo damin kara daga gonar da aka fara yankewa, kada a jira ƙarshen kaka. Wani dattijo ya ce to wa zai yi masa tsinkar wake? Aka ce yara su je da marece da ranakun hutu. Bai yarda duka ba, amma ya ce zai saki ƙaramar, babbar sai an gama. Kafin magariba amalanke biyu sun sauke kara a filin.