Bakwaini da Jijiyar da Ba ta Rufe ba

Duk wadda ta taɓa jinyar bakwaini ta san yadda kalma ɗaya daga bakin likita kan hana uwa barci. Cikin irin waɗannan kalmomi akwai cewa "jijiyar zuciyarsa ba ta rufe ba." Kafin labari ya isa gida ya zama wai yaro yana da rami a zuciya, sai a shiga koke-koke.

Ga yadda abin yake. Jariri a ciki ba ya numfashi da huhunsa, ta mabiyiya yake samun iska daga jinin uwa. Saboda haka akwai wata 'yar gajeriyar jijiya da ta haɗa jijiyar da ke kai jini huhu da babbar jijiyar da ke raba jini ga jiki, jinin ya bi ta nan ya kauce wa huhu. Da an haihu yaro ya ja numfashi sai ta tsuke, galibi cikin kwana 2 zuwa 3. A wurin bakwaini kuwa takan zauna a buɗe, abin da likitoci ke kira PDA. Idan buɗewar ta yi girma, jini ya yi wa huhu yawa, numfashi ya yi wuya, zuciya ta galabaita.

Wata ɗalibata a ajin matan aure ta haihu a wata bakwai, aka sa yaron a kwalba. Hoton zuciya ya nuna jijiyar a buɗe, likita ya ce za su sa ido tukuna. Surukarta ta ce wannan sakaci ne. Da na je dubiya sai ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, ba an ce rigakafi ya fi magani ba? Me suke jira?" Tambayar nan ce ta sa na bi diddigin maganar.

Ashe likitoci ma sun daɗe suna wannan tambaya. Tun 1976 aka gano cewa maganin indomethacin yana rufe jijiyar, domin yana rage sinadarin da ke riƙe ta a buɗe. Daga nan wasu asibitoci suka fara yi wa ƙananan bakwaini allurarsa tun ranar haihuwa, kafin a ga matsala. A 2001 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da likitocin Kanada suka jagoranta, kan jarirai 1,202 waɗanda nauyinsu bai kai kilo 1 ba. Rigakafin ya rage masu buɗaɗɗiyar jijiya daga 50 cikin 100 zuwa 24, ya kuma rage mummunan zubar jini a ƙwaƙwalwa daga 13 zuwa 9. Amma da aka duba yaran a wata 18, yawan waɗanda suka rasu ko suka nakasa kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Ga shi maganin yana iya rage fitsari, ya taɓa ƙoda da hanji. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka fitar a 2024, ya nuna cewa ba da ibuprofen da wuri bai rage mutuwa ko ciwon huhu mai daɗewa ba.

Shi ya sa likitoci da yawa suke jira, domin sau da dama jijiyar kan rufe da kanta, kamar yadda ta yaron ɗalibata ta rufe bayan makonni. Wanda tasa ta tsananta a ba shi magani, idan ta ƙi a yi aiki. Jiran da ake yi ana auna yaro kullum shi ma magani ne.

Uwargida, riƙe abu uku. Ki tambayi likita girman buɗewar da dalilin zaɓinsa, hakkinki ne. Kada ki saya wa bakwaini ibuprofen ko farasitamol a kemis da nufin rufe jijiya, wannan aikin asibiti ne. Sannan mai ciki ta guji ibuprofen da diclofenac sai da izinin likita, musamman a watanni ukun ƙarshe, domin suna iya tsuke jijiyar nan tun yaro yana ciki, lokacin da rayuwarsa ta dogara da ita.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba masu jinya lafiya, amin.